Dafa Giya a Tsakanin Maguzawan Roni

Bayan kafuwar masarautar Kazaure a hannun Ɗantunku, Maguzawan yankin Roni sun ci gaba da al'adunsu, har da dafa giya. Sana'ar mata ce: a jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a bar ta har ta tashi. 'Ya a wurin uwarta take koyo, kowace mace kuwa da irin hannunta. Wata takan surka da gero. Da giyar ake sallamar 'yan gayya, ita ake zuba wa iskoki. Shiga Musulunci da Kiristanci ne ya rage masu dafa ta, tun kafin Jigawa ta ƙaddamar da shari'a a 2000.