Abin Da Ke Ƙarƙashin Kyamara

Tun da na yi ritaya, samarin da ke ɗaukar fim da bidiyon biki kan biyo ni gida, kuma tambayarsu kusan ɗaya ce: "Baba, wace irin kyamara kuka yi aiki da ita a zamaninku?" In na faɗa musu sai su ce ai wayar da ke aljihunsu ta fi ta kyan hoto. Gaskiyarsu ne. Abin da ke ci mini rai shi ne babu mai tambayar a kan me muke ɗora kyamarar, alhali a nan sana'ar take. Kyamarori sun zo sun wuce a hannunmu, kowace da 'yan shekarunta, amma ƙafa da kan da ke ɗauke da su tare muka tsufa.

A situdiyon da na koyi aiki, kayan Vinten ne. Mai kamfanin, William Vinten, ya buɗe shagonsa a Landan a 1910, yana ƙera wa Charles Urban injinan haska fim mai launi na Kinemacolor. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka karkatar da kamfanin zuwa kyamarorin da jiragen yaƙi ke ɗaukar hoton ƙasa da su daga sama. Dattijon ya rasu a 1937. Abin da ya shafe mu ya zo ne ta hannun ɗansa Bill, wanda ya riƙe kyamara a masana'antar fim kafin ya shiga aikin gidansu, don haka ya san ciwon kafaɗar mai ɗauka. A 1956 suka fitar da fedestal ɗin HP419 da BBC ta rungumi aiki da shi: dirka ce a kan tayoyi, da iska a matse a cikinta, wadda ke tallafe kyamarar da nauyinta ya kai na ƙaton mutum, har ka iya ɗaga ta ko sauke ta da hannu ɗaya ana tsakiyar shiri. A 1964 suka koma garin Bury St Edmunds, kuma kayansu da yawa sunan tsuntsaye suke ɗauka: Fulmar, Tern, Heron, Osprey.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, bai yarda yaro ya leƙa idon kyamara ba sai ya iya saita fedestal. Da sassafe za mu share daɓen situdiyo tas, don tsinken ashana guda in taya ta taka shi, sai duk mai kallo a gida ya ga hoton ya yi tsalle. Sannan a duba agogon iska. Sannan a zo kan dalma. A gindin dirkar akwai wani ɗan faranti da ake jera ƙananan dalmomi, kuma amfaninsu shi ne abin da yaran yanzu ba su taɓa ji ba. In aka kunna fitilun situdiyo wuri ya ɗau zafi, iskar da ke cikin dirkar takan kumbura, sai kyamara ta fara hawa sama a hankali ita kaɗai. Sai ka ƙara dalma ɗaya ko biyu. In wuri ya huce ka rage. A watan Afrilu, ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta ƙi aiki, kafin a gama labaran dare sai ka taɓa farantin nan sau da yawa, hannu ɗaya a kan sitiyari, kunne wajen darakta.

Jarrabawarsa ba ta da tsawo. Zai ɗaga kyamarar zuwa tsayin ƙirji, ya sunkuyar da hancinta, ya janye hannuwansa biyu ya goya su a baya. In ta tsaya cak inda ya bar ta, ka ci. In ta motsa ko da faɗin yatsa ne, sai ya dube ka ya ce, "Ɗan nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Sake." Kan da muke da shi irin na Mark 3 ne, wanda ke gudu a kan wasu ƙarafa masu lanƙwasa a gefe biyu, yadda tsakiyar nauyin kyamarar ba ta sauka ko hawa in ka sunkuyar da ita. Kowane tsayin nauyi da nasa ƙarfen. Aka sauya gilashi, ko aka ɗaura allon da mai labarai ke karantawa a gaba, to lissafi ya tashi, sai an ja kyamarar gaba ko baya a kan farantinta, wani lokaci a kwance ƙarafan a sa wasu. Yakan ajiye su a akwatin katako, kowanne a naɗe cikin tsumma mai mai, kuma mabuɗin a aljihun rigarsa yake kwana.

Waje kuwa wani karatu ne daban. Duk wanda ya taɓa ɗaukar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya san abin da nake nufi. Mahaya sun taso a guje za su yi jahi, kai kana can nesa ka jawo su da dogon gilashi, ƙura ta turnuƙe, jama'a na ture ka. In kan da ke ƙarƙashin kyamararka busasshe ne, da ka fara juyawa sai ya fizge, da ka tsaya sai ya ɗan koma baya, kuma a dogon gilashi wannan 'yar fizgar takan zama girgizar ƙasa. Kai mai ruwan mai a ciki shi ya raba mu da wannan. Eric Miller na Sidni a Ostareliya ya yi rajistar irinsa a 1946. A Amurka kuma wani injiniya, Chadwell O'Connor, mai sha'awar ɗaukar jiragen ƙasa masu tururi, ya gaji da fizgar hoto ya haɗa nasa. A 1952 Walt Disney ya gan shi yana ɗauka a tashar jirgi ta Glendale, ya leƙa, ya ce a yi masa guda goma, aka yi fim ɗin The Living Desert da su. Wendelin Sachtler na Munik, wanda ya kafa nasa kamfanin a 1958, shi ma mai ɗaukar hoto ne. Ina yawan nanata wa yara wannan: masu wannan fasaha yawancinsu mutane ne da suka riƙe kyamara, abu ya dame su, suka zauna suka yi masa magani. Daga baya Vinten ta sayi kamfanin Manfrotto a 1989, na Sachtler a 1995, ta haɗa har da na O'Connor, duk suka koma ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya da tun 2022 ake kira Videndum.

Bayan dawowa daga hawa, maigidana ba ya bari a rufe akwati sai an goge kowace gaɓa ta ƙafar, musamman da hunturu, don ƙura da giris in sun haɗu su ne ke cinye ƙarfe. Kuma ba a ɗaukar kai a kafaɗa da makullansa a ɗaure.

Abin da har gobe ban huce ba shi ne ƙarshen waɗancan fedestal ɗin. Wata roba ce ta tsufa a cikin dirka, iska ta riƙa zurarewa. Maimakon a nemo robar, sai wani sabon shugaba da bai taɓa tura kyamara ba ya sa aka jingine su a bayan sito, rana da damina suka yi ta dukansu, ƙarshe 'yan gwangwan suka auna su a sikeli. Aka kashe kuɗi masu yawa a kan sababbin kyamarori, aka ɗora su a kan ƙafafun da iska ke kaɗawa. Ku kalli labaran gidajen talabijin da dama yanzu, ku lura da yadda hoto ke sunkuyawa a hankali mai karatu na tsakiyar magana.

Ba na gaba da gimbal, wato na'urar hannu mai inji da samarin yanzu ke ɗora kyamara a kai don kada hoto ya girgiza. Lokacin da Garrett Brown ya fito da makamancinsa, Steadicam, a shekarun 1970 aka ga aikinsa a fim ɗin Rocky, mu ma mun yi ta mamaki. Amma Steadicam ma sai an daidaita nauyinsa kafin a ɗaura, gimbal ma haka. Na ga saurayi ya ɗora kyamara a karkace, ya kunna, ya bar injin na kokawa da nauyin har ya yi zafi, sannan ya ce kayan ne ba su da kyau. Kuma don yana hannunsa, sai ya yi ta zagaya jarumai suna zaune suna magana, ba tare da dalili ba.

Ga shugabannin gidajen talabijin da furodusoshin Kano da Kaduna da Jos: in akwai tsohon kai ko fedestal a sitonku, kada ku sayar, a nemo mai gyara. Tsofaffin da suka iya saita su kuma suna nan da ransu a cikin unguwanni. Ku turo mana yaranku mu koya musu.