Inbata da batir a gida: Iya nauyin da suke ɗauka da abin da ke faruwa idan an wuce shi

A Unguwar Kanawa da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, kamar sauran unguwannin da ke kan titin Ali Akilu zuwa Kawo, inbata ta shiga cikin kayan gida na yau da kullum. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta kowane dare ya fi ƙarfin aljihun magidanta da yawa. A watan Afrilun 2024 kuma Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wutar masu rukunin A zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. Sai ga duhun watan Oktoba na wannan shekarar, lokacin da lalacewar layin Shiroro zuwa Mando da matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir suka bar akasarin jihohin Arewa fiye da mako guda babu wuta. Waɗannan dalilai suka sa mutane suka koma ga batir, wasu da faranti na sola, wasu kuma da dogaro ga wutar kamfanin Kaduna Electric wajen caji.

Ƙorafin da ya fi yawa bayan an sayi kayan iri biyu ne: ko dai inbata ta riƙa kuka tana ɗauke wuta da zarar an kunna wani abu, ko kuma batir ya ƙare tun kafin tsakar dare, bayan shekara guda ya mutu gaba ɗaya. Akan ɗora laifin a kan jabun kaya, kuma lallai akwai jabu a kasuwa. Amma sau da yawa matsalar ta lissafi ce. Na'urar tana da iyaka biyu mabambanta, ana kuwa yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce yawan nauyin da za a iya ɗora mata a lokaci guda, wannan aikin inbata ne. Ta biyu ita ce tsawon lokacin da za ta riƙe nauyin, wannan kuma aikin batir ne. Ƙara batir ba ya sa ƙaramar inbata ta ɗauki dutsen guga, sayen babbar inbata kuma ba ya ƙara wa dare ko minti ɗaya na haske.

Iyakar inbata

Aikin inbata shi ne ta karɓi wutar batir mai bolt 12 ko 24 ko 48, ta mayar da ita irin wutar gida mai bolt 230. Lambar da ake rubutawa a jikinta galibi ta kVA ce, kayan gida kuwa da wat ake auna cinsu, kuma ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne. A yawancin inbatocin da ake haɗawa da batir mai ruwa, ana ninka kVA da 0.8 kafin a sami ainihin wat. Saboda haka inbata mai 1kVA wat 800 take bayarwa, mai 1.5kVA wat 1,200, mai 3.5kVA kuma wat 2,800. Wasu sababbin inbatoci na sola suna bayar da lambar a cike, wato 5kVA ya zama wat 5,000, kuma akan rubuta hakan a takardar da ke manne a gefen na'urar. Masu haɗa kayan da suka san aikinsu kan ba da shawarar a tsaya a kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wannan adadi, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Kaduna ke hana na'urar hucewa.

A ɗauki misalin gida mai ɗaki uku da falo a Unguwar Kanawa, mai inbata 1.5kVA. Ƙwan lantarki shida na zamani masu wat 10 sun ba da 60. Fankar sama uku, kowace wat 70, sun ba da 210. Talabijin da dikoda kimanin 80, cajin wayoyi 30. Jimilla wat 380, wanda bai kai sulusin ƙarfin inbatar ba. Idan aka jona dutsen guga mai wat 1,200 da safe domin goge kayan makaranta, nauyin ya koma 1,580, ya zarce iyaka da kusan wat 400. Haka abin yake da duk na'urar da aikinta dumama abu ne: hitar ruwa, butar lantarki da kan ci wat 1,500 zuwa 2,200, da rishon lantarki. Ƙanƙantarsu kan ruɗi mutane, alhali buta ɗaya ta fi fanka ashirin cin wuta.

Akwai kuma nauyin da ba a ganinsa a rubuce, shi ne ya fi rikita masu gida. Duk abin da ke da moto a ciki, kamar firji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa, yana fizgar wuta mai yawa a daƙiƙar da zai tashi, ninki uku zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya daidaita. Firiza mai wat 150 tana iya neman wat 700 ko fiye a lokacin tashi. Injin burtsatse mai ƙarfin doki ɗaya, wato wat 746, yana iya neman sama da 2,500. Wannan ne ya sa inbata kan yi shiru tsawon sa'o'i, sannan ta ɗauke wuta cikin dare ba wanda ya taɓa komai: firiza ce ta tashi a daidai lokacin da fankoki duka ke juyawa kuma batir ya fara rauni. Inbatoci da yawa an ƙera su su jure ninki biyu na ƙarfinsu na 'yan daƙiƙoƙi, masu babbar taransifoma a ciki sun fi haƙuri da wannan fizga, marasa nauyi kuma sun fi saurin yankewa.

Idan an yi obalodi, inbata mai inganci kan yi ƙara, ta nuna jar fitila, ta yanke wuta domin kare kanta. Wannan yankewar ba lalacewa ba ce. Haɗarin yana wajen mai gida da zai sake kunna ta sau biyar a jere ba tare da ya cire abin da ya jawo matsalar ba, domin kowane kunnawa yana ƙara gasa ƙananan sassan da ke sarrafa wutar, har wata rana su ƙone. Mafi muni shi ne al'adar maye gurbin fiyus da igiyar waya idan ya tsinke, abin da ke mayar da ƙaramar matsala gobara.

Iyakar batir

Ana auna batir da Ah. Idan aka ninka wannan lamba da bolt, za a sami wutar da ke ajiye. Batir mai 200Ah da bolt 12 yana ɗauke da wat 2,400 na sa'a guda, wato yunit 2.4 a lissafin mita. Biyu da aka haɗa su ba da bolt 24 suna da 4,800. Sai dai batir mai ruwa, irin dogon nan da ya fi yawa a gidaje, ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi shekaru. Saura 2,400. Inbata ma tana cin nata rabon, kusan kashi 15 cikin ɗari kan tafi a zafi, ya rage kimanin 2,000. A gidan da aka yi misali da shi, mai nauyin wat 380, wannan sa'a biyar ce da 'yan mintoci. Idan an kunna da ƙarfe bakwai na yamma, zuwa sha biyu an cinye rabon daren. Abin da aka sha bayan nan daga tsawon ran batirin ake cirewa, ko da fanka na ci gaba da juyawa har asuba.

Lambar 200Ah ɗin ma tana da sharaɗi. Akasari an auna ta ne a kan shan wuta a hankali cikin sa'a 20, amfiya 10 a kowace sa'a, wanda ake nunawa da alamar C20, wasu kuma C10. Tun a shekarar 1897 wani masani Bajamushe, Wilhelm Peukert, ya nuna cewa batirin dalma yana bayar da ƙasa da abin da aka rubuta idan aka matsa masa. Inbata mai bolt 24 da ke ɗauke da wat 1,200 tana jan kusan amfiya 60. A lissafin takarda batirin zai yi sa'a uku da ɗoriya kafin ya ƙare ƙarƙaf, a aikace da ƙyar ya wuce biyu da rabi. Wato babban nauyi yana cutar da batir ko da inbata ba ta yi kuka ba.

Wannan amfiya mai yawa ita ce dalilin da ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata take da kauri kamar yatsa. Inbata mai bolt 12 da ke ba da wat 1,000 tana jan kusan amfiya 100 ta wannan wayar. Siririyar waya, ko kan batir da bai ɗauru sosai ba, zai yi zafi har robarsa ta narke. Ya kamata a sa fiyus ko makatsewar wuta kusa da batirin, a kuma ajiye shi inda iska ke shiga, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta a lokacin caji. Ƙarƙashin matakala ko ɗan sito mai rufaffiyar ƙofa, inda aka fi son ɓoye shi saboda ɓarayi da yara, shi ne wuri mafi sharri gare shi. Zafi kansa yana rage masa kwana: kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana iya raba tsawon ransa biyu.

Batirin litiyam ya sauya wasu daga cikin waɗannan lissafe-lissafe. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, yana cika da wuri, kuma nauyi ba ya rage masa ƙarfi sosai. Amma yana da tasa iyakar. A cikinsa akwai allon kariya da ke ƙayyade amfiyar da za ta fita. Batir mai bolt 51.2 da 100Ah yana ajiye yunit 5.12, idan allonsa na amfiya 100 ne zai ba da kusan wat 5,000, idan kuwa na 50 ne rabin haka kawai zai bayar, ko da inbatar da aka haɗa shi da ita babba ce. Da an wuce, sai ya kashe kansa baki ɗaya.

Batun caji

Duhun Oktoban 2024 ya tuna wa mutane cewa batir rumbu ne, abin da aka zuba masa shi yake bayarwa. Batir mai 200Ah da aka sha rabinsa yana buƙatar sa'a bakwai zuwa takwas a kan caji mai amfiya 20 kafin ya cika sosai, domin ƙarshen cajin a hankali yake tafiya. A tsarin NERC, rukunin A ne aka yi wa alkawarin sa'a 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Gidan da ke samun wuta sa'a huɗu ko biyar, a gutsuttsure, ba zai taɓa cika batura huɗu ba. Batirin dalma da ke kwana ba a cike ba kullum yana yin wani farin gishiri a farantansa na ciki, wanda ke taurare ya rage masa ciki har abada. A irin wannan gida, kuɗin ƙarin batir ya fi amfani idan aka sa shi a farantin sola.

Hanyar da ta fi hana obalodi ita ce raba layi tun daga akwatin rarraba wuta na gida: fitilu da fankoki da soket ɗin falo a kan inbata, soket ɗin kicin da hita da injin ruwa a kan wutar kamfani ko janareta kaɗai. Wannan ya fi muhimmanci a gidajen haya na Unguwar Kanawa da makwabtanta irin su Unguwar Shanu, inda layi ɗaya kan ratsa ɗakunan iyalai da yawa har da shagon ƙofar gida, kuma mai inbatar ba ya ganin abin da aka jona a ɗakin ƙarshe. Inda raba layin bai yiwu ba, ƙaramar makatsewar wuta mai amfiya 4 ko 5 a bakin fitar inbata 1.5kVA tana yanke layin idan babban nauyi ya daɗe a kansa, kuma kuɗinta bai kai na gyaran allon inbata sau ɗaya ba.