Yaro mai rigima da cin ƙasa: a duba jininsa

Daga Tabla da Baleyara har Filinge da ƙauyukan Kurfai, uwaye sun san irin yaron nan. Ya shekara ɗaya da rabi, ba ya sakin zanen uwarsa, ba ya shiga wasan yara, kuka ba dalili. A ba shi abinci ya kau da kai, amma a bar shi tsakar gida sai a tarar yana lasar bango ko yana cin ƙasa. Wasu su ce ƙiwuya ce, wasu su ce iska ce ko baki. Sau da yawa kuwa ƙarancin jini ne, wanda rashin sinadarin ƙarfe cikin abinci ke kawowa.

Shi wannan sinadari, da shi jini ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki, kuma ƙwaƙwalwar yaro na buƙatarsa ƙwarai a shekaru 2 na farko. Ana haihuwar jariri da ɗan ajiyarsa, amma wajen wata 6 sai ta ƙare. Daga nan sai abin da ya ci. To a nan ne matsalar take. Kunun hatsi tsararo yana cika ciki, sai dai ƙarfen da ke cikin hatsi jiki ba ya iya tsotsarsa da yawa. Nonon saniya da na akuya ma ƙarfensu kaɗan ne. Shayin da manya ke kurɓa wa yaro don so, shi kuma hana jiki ɗaukar ƙarfen yake. Ga masassarar cizon sauro da tsutsar ciki, su ma suna rage jini.

Ba ƙaramin abu ba ne. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna yaran Nijar masu wata 6 zuwa 59, fiye da kashi 70 cikin 100 suna da ƙarancin jini. Wata likitar yara ƴar Amurka, Betsy Lozoff, ta bi diddigin jarirai a ƙasar Kosta Rika, ta ga masu wannan rashi sun fi tsoro, sun fi liƙe wa uwa, wasansu kaɗan. Ta ci gaba da bin su har suka girma, ta tarar waɗanda abin ya daɗe a jikinsu suna baya a karatu.

Rashin aidin shi ma yana dakushe fahimtar yaro, musamman in uwa ta rasa shi tana da ciki. Maganinsa gishiri mai aidin, a ajiye shi a rufe.

Yaya za a gane? A duba tafin hannun yaro, da cikin fatar idonsa ta ƙasa, da harshensa. In sun yi fari-fari, a kai shi likita. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Kada a sayi ƙwayar ƙarin jini a tebur a ɗura masa: in ta yi yawa guba ce ga yaro, kuma a wurin da sauro yake, sai an haɗa da maganin masassara. In ƙafafunsa sun kumbura, ko ya yi laushi ba ya ko kuka, wannan tamowa ce mai tsanani, kada a kwana.

A gida kuwa, nonon uwa zalla har wata 6, sannan kunu mai kauri da garin wake, ƙuli-ƙuli ko zogale. A jiƙa hatsin ya kwana, ko a bar ƙullun ya yi tsami, a matsa lemun tsami ko a sa garin kwalba ta kuka. Duk suna taimakon jiki ya ɗauki ƙarfe. Abin da ya fi duka shi ne hanta, nama, kifi da ƙwai, ko da ɗan yanki ne. Maigidan da ya je kasuwar Baleyara ran Lahadi, tsinken hanta ɗaya na ƙaramin gida ba zai karya shi ba. Manoma kuma su tambayi malaman gona irin hatsin nan Chakti mai yawan ƙarfe, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta fitar a 2018.

Ƴan uwa da ke Abijan, Akara ko Legas, in kun aiko da kuɗin hatsi, ku ware na ƙwai da hanta, ku faɗi sunan yaron da kuke nufi.