Aikatau da Wakilin Suna a Harshen Sifaniyanci

Sifaniyanci shi ne harshen uwa na mutane kusan miliyan 500 a Sifaniya da ƙasashen Latin Amurka. A Afirka, shi ne harshen hukuma a Gini Ikwatoriyal, wadda ta sami mulkin kai daga Sifaniya a 1968. Idan fatauci ko neman aiki zai ɗauke ka daga Dogon Kiriya ko Dogon Dutsi zuwa can, wannan bayani zai amfane ka.

Babbar ƙa'ida

A Hausa wakilin suna ne ke sauyawa, aikatau ya tsaya yadda yake: na saya, ka saya, ya saya. A Sifaniyanci ƙarshen aikatau ne ke nuna mai aikin. Dubi *hablar*, wato yin magana (ba a furta *h*):

- yo hablo: ina magana
- tú hablas: kana magana
- él habla: yana magana
- nosotros hablamos: muna magana
- ellos hablan: suna magana

Saboda haka sau da yawa akan bar wakilin sunan. *Hablo* kaɗai ya wadatar.

Rukunoni uku

Kowane aikatau yana ƙarewa da -ar, ko -er, ko -ir. Fara da waɗannan: *comprar* (saya), *pagar* (biya), *vender* (sayar), *comer* (ci), *vivir* (rayu). Wanda ya ji Faransanci zai gane wasu, domin harsunan biyu daga Latin suka fito: *vender* ɗan'uwan *vendre* ne.

Inda za ka kiyaye

1. *Tú* na nufin kai ko ke, amma na aboki ne da yaro. Ga dattijo, likita ko jami'in hukuma sai ka ce *usted*, kamar yadda kake cewa "ku" don girmamawa. Aikatau na *usted* irin na *él* ne: *usted habla*.
2. Hausa na da "su" guda ɗaya. Sifaniyanci na da *ellos* ga maza ko taron maza da mata, *ellas* ga mata zalla.
3. Lura da alamar da ke kan wasali. *Pago* na nufin "ina biya", *pagó* kuwa "ya biya". A wurin ciniki wannan bambanci na iya jawo gardama a kan kuɗi.

Yadda za ka koya

Rubuta aikatau ɗaya kowace rana a littafinka, ka jera shi da yo, tú, él, nosotros da ellos. Karanta da ƙarfi, ka danna murya a kan wasalin da ke da alama.