Tarihin Sanin Yadda Tsoka Take Ɗinke Kanta

Tsamin jiki, wanda manoman Mairuwa da na sauran ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suke sha a huɗar farko ta damina, bayan garma ta yi watanni a rataye, abu ne sananne, kuma gashi da ruwan zafi da tausar da ake yi masa ba su bukatar sharhi. Inda ruwayoyi suka saɓa shi ne lokacin da aka gano yadda naman da ya wahala yake komawa lafiya har ya fi da ƙarfi, domin wasu littattafai suna fara lissafi daga ƙarni na 19, wasu kuwa daga 1961.

Hujjar masu farawa daga ƙarni na 19 ita ce Zenker, likitan Jamus, wanda a 1864 ya siffanta lalacewar tsokar masu zazzaɓin taifot da sabuntuwarta, alhali bai san asalin sabon naman ba. A 1902 kuma Theodore Hough na Amurka ya ce tsamin jiki daga ƙananan yagewa cikin tsoka yake.

Shekarar da ta fi cancanta a riƙe ita ce 1961, lokacin da Alexander Mauro, a Cibiyar Rockefeller ta Niyok, ya sa tsokar ƙafar kwaɗo a madubin lantarki mai ƙara girman abu, ya ga wata siririyar ƙwaya kwance a gefen zaren tsoka, a matse tsakanin fatar zaren da rigar da ta lulluɓe shi, ba ta motsi, ya kuwa yi zaton ajiya ce ta ranar rauni. Bernard Katz na Landan ya ga irinta a shekarar nan, amma falalar ta tafi ga Mauro saboda shi ya raɗa mata suna ya kuma faɗi aikinta. Zato dai ba yaƙini ba ne. Tabbaci ya fara zuwa a 1971, da Moss da Leblond na Montreal suka yi wa ƙwayoyin alama a jikin 'ya'yan ɓera, suka ga suna rabuwa suna shigewa cikin zaren. Ya kuma cika a 2011, da aka kawar da su daga jikin ɓeraye, tsokar da aka ji wa rauni ta ƙi warkewa.

Abin da malamai suka yi ittifaƙi a kansa yanzu shi ne, aiki mai nauyi, musamman wanda tsoka take miƙewa tana riƙe da kaya, kamar sauke buhun masara daga kafaɗa, yana yaga zaruruwa, tsamin ya kai matuƙa tsakanin kwana ɗaya da uku, ƙwayoyin nan su farka su hayayyafa, wasu su cike ɓaraka, wasu su koma barci.

Ko ƙwanji yana iya kauri ba tare da ƙwayoyin nan ba, nan akwai saɓani: masu bincike na Kentucky sun ce yana iyawa a 2011, na Oslo suka musa a 2016. Ƙwayoyin suna raguwa da tsufa, kuma motsa jiki da nauyi yana ƙara yawansu ko a jikin dattawa.