Karatun LEA: harsunan waje haɗe da ilimin kasuwanci

Iyaye da dama na tambaya: yaron da ya karanci harshe a jami'a, in ba malanta ba, wane aiki zai yi? Fannin da ake kira LEA amsa ce ga wannan tambaya.

LEA taƙaitaccen suna ne na Faransanci, ma'anarsa harsunan waje domin aiki da su. An ƙirƙiro shi a jami'o'in Faransa a farkon shekarun 1970. Mai BAC yana yin shekara 3 ya samu lisans, in ya ƙara 2 ya samu masta.

Ɗalibi yana ɗaukar harsuna biyu, galibi Ingilishi da wani kamar Larabci, Sinanci ko Sifaniyanci. Kusa da su yana koyon tattalin arziki, dokar kasuwanci, lissafin kuɗin kamfani, aiki da kwamfuta da dabarun ciniki, sannan ya je ya gwada aiki a wani kamfani kafin ya gama.

Me ya sa harshe kaɗai bai isa ba? Ku ɗauki ɗan kasuwar Maraɗi da ya sayi kaya a Guangzhou. In takardar ciniki ta ce FOB, mai sayarwa ya ɗora kaya a jirgin ruwa ne kawai, kuɗin dako na wuyan mai saye. In ta ce CIF, mai sayarwa ne zai biya dako da inshora har tashar da aka ambata, misali Lome. Waɗannan ƙa'idoji su ne Incoterms, an fara fitar da su a 1936, kuma bugun 2020 na ɗauke da guda 11. Tafintan da bai san su ba zai iya jawo wa alhaji asarar miliyoyin sefa, ko da Sinancinsa ya kai na ƴan gari.

Haka ma doka. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. Mai fassara kwangila dole ya san su.

Waɗanda suka gama sukan yi aiki a kamfanonin fiton kaya, bankuna, otal-otal da ƙungiyoyin agaji. Kafin ku biya kuɗin makaranta, a gida ko a waje, ku nemi jerin darussan ku duba: akwai doka, lissafi da gwajin aiki, ko harshe ne zalla?