Daidaita Zafin Jiki a Ƙadangaru Masu Ɗauke da Ƙwai a Yanayin Ɗumamar Duniya: Nazari a Kan Garatu, Jihar Neja

Ƙadangare yana cikin dabbobin da jikinsu ba ya samar da ɗumin da zai wadace su, sai dai su samo shi daga rana da kuma abin da suka kwanta a kai. Tun a 1944 Cowles da Bogert suka nuna, a hamadar Kaliforniya, cewa irin waɗannan dabbobi suna daidaita zafin jikinsu ne ta hanyar kai da komo tsakanin rana da inuwa. Ana ganin haka a jangwada, wanda masana ke kira Agama agama: da hantsi yakan baje cikinsa a kan dutse ko katanga har jan kansa ya fito sosai, in rana ta take kuma ya ɗaga jikinsa daga ƙasa, ya buɗe baki, ko ya haye bishiya.

Garatu tana kan hanyar Minna zuwa Bida, a ƙaramar hukumar Bosso, inda damina ke kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, zafi kuma ya fi tsananta a Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 35 da rana. Muhimmancin wannan shi ne, farkon lokacin hayayyafar ƙadangare yana haɗuwa da ƙarshen bazara. Mace mai ɗauke da ƙwai, wadda ake ganewa da jajayen tabo a gefen cikinta, tana buƙatar ƙwari masu yawa, ga nauyi ya rage mata gudu, don haka duk sa'ar da zafi ya tsare ta a ɓoye, sa'ar kiwo ce ta kuɓuce mata. Wannan ne dalilin ɓacewar ƙadangaru da Barry Sinervo da abokan aikinsa suka kawo a mujallar Science a 2010, bayan sun bibiyi nau'i 48 na ƙadangarun Meziko a wurare 200, suka tarar kashi 12 cikin ɗari na rukunonin sun ɓace tun daga 1975, suka kuma yi hasashen cewa kashi 20 cikin ɗari na nau'o'in ƙadangarun duniya za su iya ƙarewa kafin 2080. Ba ƙuna ce ke kashe su kai tsaye ba, yunwa ce a lokacin da jiki ya fi buƙatar abinci.

Lamarin ƙwai ya fi wannan tayar da hankali, domin uwa tana iya gudu zuwa inuwa, ƙwai kuwa yana nan inda aka binne shi. Macen takan tona ɗan rami marar zurfi a ƙasa mai laima, ta saka ƙwai biyar zuwa bakwai, ta rufe, sai su yi kimanin wata biyu kafin su ƙyanƙyashe. A kan Agama agama ne Madeleine Charnier ta fara ganowa, a Dakar a 1966, cewa zafin ƙasa ne ke tantance jinsin ɗa: a digiri 26 zuwa 27 kusan duka mata suka fito, a digiri 29 kuwa maza. Tazarar da ba ta wuce digiri uku ba, ta isa ta karkatar da zuriya guda, abin da bai kamata a ɗauke shi da wasa ba a yankin da ake sare kaɗanya da ɗorawa don itace da gawayi, gine-gine kuma suke ta cin fili a kewayen Gidan Kwano da ke maƙwabtaka da Garatu.

Manomin doya a Garatu yana da ruwa da tsaki a nan, tunda ƙadangare ne ke rage masa gara da tururuwa da fara ba tare da ya sayi magani ba. Saboda haka ya dace masana halittu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda harabarta ta Gidan Kwano ke maƙwabtaka da garin, su riƙa auna zafin ƙasa a zurfin ramin ƙwai, a fili da kuma ƙarƙashin bishiya, daga Maris har tsakiyar damina.